Ranar da Aka Yi wa Motar Kawu Ƙaho

Saura shekara ɗaya Turawa su miƙa mulki, ko shekara ɗaya da 'yan watanni, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya sayi mota a hannun wani Baturen kamfanin gyaɗa da ke haɗa kayansa zai koma gida. Baƙa ce, doguwa, kuma tana da abin da ba a taɓa gani a Haɗejiya ba, a iya sanina: injin sanyi. In aka rufe gilashi aka murɗa wani ɗan maɓalli, sai sanyi ya riƙa fitowa ta bayan kujera. Kwana tara Kawu yana zagaya gari da bargo a kafaɗa a tsakiyar bazara. A na goma sanyin ya ɗauke.

Kawu yana da aboki tun na yarinta, Babarbare mai fataucin bandar kifi. Mu asalinmu Fulani ne, don haka tsakaninsu ba a gaisuwa sai an tsokani juna. Ran da labari ya kai masa, ya zo ƙofar gida da sassafe, ya zagaya motar sau biyu, ya shafa ta.

"Bafillace, ashe tanda ka saya? Bari in aiko da kifina, in za ka Auyo ka tafi da shi, kafin ka dawo ya bandu."

Mutanen da ke zaune a dakali suka yi dariya. Kawu ya miƙe, ya ce, "Wallahi, bawana, ba zan sauke gilashin motar nan ba sai sanyi ya dawo cikinta." Bai tsaya nan ba. Ya sa direbansa ya kwance hannayen nan huɗu da ake murɗawa a sauke gilashi, ya ƙulle su a hankici, ya danƙa wa Babarbaren ajiya.

Limamin unguwa ya zo da azahar ya yi masa bayanin mafita: ya ciyar da miskinai goma, ya buɗe tagarsa ya sha iska. Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, goma ba wuya. Bakin wancan wa zai rufe?"

A lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu a Badun, can Kudu, ba, ina zaune a gida ina jiran takardar aiki. Labarin ƙasa na karanta. Na faɗa wa Kawu haka har sau uku, cewa abin da aka koya mini koguna ne da duwatsu da yawan ruwan sama, ba inji ba. Ya ce duk boko ne. Ya miƙo mini littafin motar da gwangwani ɗaya na gas ɗin sanyi wanda Baturen ya bari a but ɗin bayan motar. Ɗaya tak. Babu wani a Haɗejiya, kuma da muka aika tambaya Kano, ba mu sami wanda ya ce ya san inda ake samunsa ba.

Direba ya riga ya gano inda gas na farko ya zurare, wani noti ne ya kwance, ya ɗaure shi. Abin da ya rage, a ganin kowa, a juye gwangwani a huta. Ni kuwa na karanta littafin sau huɗu, kuma a shafi guda ya ja layi ƙarƙashin wata magana: kada a kuskura a zuba gas sai an zuƙe duk iskar da ta shiga bututun, da danshinta, da famfo mai zuƙa. In ba haka ba, gas ya ɓaci a banza.

"To, ka zaɓo famfon," in ji Kawu.

Famfo na ainihi yana Kano, wajen wani Kwara, cikin fararen fatar nan 'yan kasuwa, mai gyaran injin ƙanƙara. Amma da lantarki yake aiki, mu kuwa a lokacin fitilar ƙwai muke kunnawa. Sai dai a kai masa motar. Na lissafa tafiyar, kusan yini guda a hanyar wancan zamani, gilashi a rufe, a watan da tsuntsu ke faɗowa daga bishiya don zafi. Na ce wa Kawu, mai yiwuwa motar ta isa Kano, amma ba ni da tabbacin mutanen cikinta. Direba ya ce shi yana da tabbaci, kuma ba za shi ba.

Kawu bai daina hawa motar ba. Cewa ya yi in ya ajiye ta, Babarbare ya ci nasara. Kullum da hantsi sai ya sa babbar riga da rawani ya shiga baya ya zauna, direba ya tuɓe riga ya ɗaura jiƙaƙƙen tsumma a ka, su tafi kasuwa ko fadama duba shinkafa. In suka wuce, kana hango Kawu ta gilashi yana ɗaga wa mutane hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana murmushi irin na wanda ke jin daɗi. Direba ya taɓa gwada tuƙi da ƙofarsa a ɗan buɗe, tunda gilashi aka rantse a kai ba ƙofa ba. Babarbare ya gani, ya ce wannan coge ne. Aka rufe.

Da aka ji ana neman abin zuƙar iska, mutum biyu suka kawo kansu. Maƙerin bakin kasuwa ya zo da zuga-zuginsa na fatar akuya. Mai gyaran keke ya zo da famfonsa, ya ce ya juya fatar cikinsa, yanzu maimakon ya hura sai ya ja. Na ukun a zauren Kawu na same shi. Zafin motar ya fara sa wa Kawu ciwon kai, aka kira wanzamin gidanmu, dattijo wanda shi ya yi mini askin suna, ya zo ya yi masa ƙaho. Ina zaune da littafi ina kallo. Ya kafa ƙahon a ƙeyar Kawu, ya zuƙe iskar ciki ta ɗan ramin tsinin, ya toshe ramin da kakin zuma da harshensa. Fata ta kumburo. Ya cire, ya ɗauki aska ya yi tsaga uku ƙanana a jere, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Duk wannan na gani da idona, kuma ban ɗauki komai daga ciki ba sai zuƙar.

"Me kake ta karantawa, ɗan nan, ka haɗe fuska?" ya tambaye ni.

Na yi masa bayani.

"Cire iska daga abu a toshe? Shekara arba'in ke nan ba ni da wata sana'a."

Yanzu ga famfo uku, sai a zaɓi ɗaya. A nan ne karatuna ya ɗan yi rana, ko kuwa na zaci ya yi. An koya mana cewa famfo mai cikakkiyar zuƙa yana ɗaga ruwa a cikin tiyo har ƙafa talatin da uku, ba ya wuce nan. Ke nan wanda ya fi ɗaga ruwa sama shi ya fi ƙarfi. Na aro doguwar tiyo wajen mai sayar da fetur a durom, muka wanke ta, muka nufi kogi.

Ruwa ya janye a lokacin, gaɓa ta yi tsawo, kuma akwai wata tsamiya da ta karkato kan ruwan. Na ɗaura igiya mai ƙulli a kowace ƙafa, daga fuskar ruwa zuwa reshe. Masunta da ke kife a kan gorunansu suka daina kamun kifi, suka taso kusa. Babarbare ya zo da tabarmarsa.

Maƙeri ya fara. Ya ɗaura bakin tiyo a zuga-zugi, ya buɗa, fatar ta shafe kamar cikin mayunwaci. Ruwa bai hau ko taƙi ɗaya ba. Ya kwance kayansa ya ce shi dama abinsa bayarwa ya saba, ba karɓa ba, kuma bai ga laifin hakan ba.

Mai keke ya yi abin kirki. Ya hau gaɓa, ruwa ya biyo shi. Ya hau tsani, ruwa ya biyo shi har ƙafa goma sha biyu. A ƙulli na sha uku fatar famfon ta koma yadda aka halicce ta, ya fesa wa kansa ruwa a fuska, ya kusa faɗowa.

Sai wanzami. Ya cire hula, ya cusa bakin tiyo a cikin ƙaho ya liƙe da kaki, ya tattare riga ya hau tsamiyar da kansa, tsoho mai jikoki. Yana zuƙa, ya toshe da harshe, ya numfasa ta hanci, ya sake zuƙa. Kumatunsa suka shige ciki har kamar za su haɗu. A ƙafa goma sha biyar ya tofar da ruwan kogi, da wani ɗan ƙaramin kifi a ciki, in ji masunta. Ni ban ga kifin ba.

"In ƙara?" ya yi kira daga sama.

Na ce, "Baba, akwai sauran ƙarfi?"

"Ƙarfi akwai. Reshe ne ya ƙare."

Kowa ya juyo gare ni. Na duba takardata. Sha biyar bai kai rabin talatin da uku ba. Na ce a ba ni lokaci in yi nazari.

Kwana shida na yi ina nazarin. Na rubuta wa Kawu bayani shafi uku. A ciki na nuna cewa wanzami ya fi ƙarfi, amma numfashin mutum yana da danshi, littafi kuwa ya hana danshi. Famfon keke ba shi da danshi, amma ba shi da alkawari. Na kawo shawarar a jira damina, tunda in gari ya yi sanyi zaman motar zai yi sauƙi, sannan na nuna cewa a damina danshi ya fi yawa. Na karanta masa duka a zaure. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, wanne?" Na ce ai abin da nake ƙoƙarin nunawa ke nan, kowanne da nasa.

Ba taurin kai ba ne. Gwangwanin ɗaya ne. In na zaɓa ba daidai ba, Kawu zai zauna a tandar nan har iyakar ran motar ko nasa.

A rana ta bakwai suka tafi Auyo duba wata gona. A hanyar dawowa direba ya waiga ya ga Kawu ya kwanta a kujera, rawani ya warware. Ya tsaya a gefen fadama, wasu manoma suka taya shi fito da shi, suka kwarara masa ruwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an taɓa gilashi.

Da yamma Inna, mahaifiyata, ta aika a kira ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Tana tsince shinkafa a faifai ta yi maganar.

"Kai. Shekara nawa ka yi a Kudu?"

"Huɗu, Inna."

"Huɗu. An ce ka zaɓa tsakanin tsoho da famfon keke. Ƙanena guda ɗaya ne, kamar gwangwanin naka. Gobe kafin azahar ina so in ji an zaɓa."

Na zaɓi wanzami. Dalilina shi ne, in abu ya lalace, shi ana iya tambayarsa abin da ya faru.

Na tsara komai a rubuce, sharaɗi goma sha ɗaya. A yi da safe kafin rana ta ɗaga. Kada ya sha ruwa tun asuba, saboda danshi. A wanke ƙaho a shanya kwana guda. Ya zuƙa sau ɗari, ina ƙirgawa. Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa to. Na kuma roƙi Liman da Babarbare su zo su zama shaidu. Sannan, saboda na san za a yi gardama a kan mene ne sanyi, na karɓo ɗan ƙoƙon man shanu wajen Inna. A zafin nan man ya narke ya zama kamar ruwa. Na ce za a ajiye shi a bakin inda sanyi ke fitowa, in ya yi kauri, an yi sanyi.

Ranar Laraba ce, ina jin. Direba ya buɗe murfin inji, ya nuna ɗan bakin da ake zuba gas, a jikin wata baƙar tiyon roba mai kauri. Wanzami ya yi bisimilla, ya kafa ƙaho, ya liƙe gefensa, ya fara. Na ƙirga ɗari. Na ce a ƙara ashirin don kokwanto. Ya ƙara. Ya toshe da kaki, ƙahon ya tsaya cak a jikin motar kamar yadda yake tsayawa a ƙeyar mutum. Har Babarbare ya matso ya leƙa.

Na shiga zaure in ɗauko gwangwanin, don na ɓoye shi a bayan randa saboda zafi. Na tsaya na sake karanta shafin sau ɗaya. Ban fi minti uku ba. Da na fito, wanzami yana kan zuƙa ta biyu, na ɗauka himma ce. Direba ya cire ƙahon ya ɗaura gwangwanin da saurin da ban san yana da shi ba, aka tayar da inji, gas ya shige yana huci har gwangwanin ya yi raɓa ya koma fanko.

Sai na ga wanzami yana goge aska a gefen zanensa.

"Baba, me aka yi da aska?"

"Tsaga mana."

Na leƙa. A jikin tiyon robar, dab da inda ƙaho ya zauna, ga su nan uku a jere, ƙanana, tsaf, irin waɗanda ke ƙeyar Kawu.

"Baba, ai ba ta cikin sharaɗi!"

"Ka ce kada a yi? Ɗan nan, wa ya taɓa yin ƙaho babu tsaga? Ta ina mugun abin zai fita? Kada ka damu, hannuna ba ya zurfi. Fata kawai na taɓa."

Gaskiyarsa, bai huda ba. Amma ina kallo tsagar tsakiya ta fara buɗe baki a hankali, robar tana kumburowa ta ciki. Ban san ko minti biyar za ta yi ko yini ba. A rayuwata ban taɓa yanke shawara da sauri irin na ranar ba. Na kama hannun Liman, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Allah gafarta Malam, a shiga. Yanzu." Na tura Babarbare gaba kusa da direba, Kawu da Liman a baya, ni a tsakiyarsu da ƙoƙon man shanu na ɗaga shi saitin ramin sanyi.

Muka bi hanyar kogi. Da farko ba komai sai warin roba da numfashin mutum biyar. Mun wuce marina sai na ji wani abu ya taɓa bayan hannuna. Kawu ya rufe ido. Liman ya ce, "Subhanallahi," ya gyara mayafinsa. Babarbare kuwa na ga ya saukar da hannun rigarsa da ya naɗe. Muka wuce bukkokin masu banda, muka gangara wajen tsamiyar nan. A daidai nan aka ji fau daga gaba, farin hayaƙi ya tashi ta gefen murfin inji, masunta suka watse cikin ruwa. Direba ya taka birki. Hucin ya yi ta raguwa har ya mutu.

Direba ya kai hannu ƙofa. Kawu ya ce, "Ba mai fita sai an yanke magana. Bawana, kawo hankicina."

"A kan me? Wannan sanyi ne? Zafi ne ya ɗan je fitsari ya dawo."

"Ka saukar da hannun riga, na gan ka."

"Sauro ne."

"A mota rufaffiya?"

Suka juya ga Liman. Ya shafa gemu ya ce shi dai ya ji wani abu a wuyansa, amma bai daɗe da yin alwala ba, kuma tsoho ba a dogara da fatarsa. Ya ce a tambayi mai ilimin abin, tunda ga shi da ma'auni a hannu.

Na duba ƙoƙon. Tsakiyar man tana nan ruwa. Amma a gefe, kewaye da bakin ƙoƙon, ya yi fari ya kama, kaurinsa bai fi na ƙwayar gero ba. Rana tana dukan rufin motar, kuma ina kallo farin ya fara komawa rawaya ta gefe ɗaya. A kaina akwai maganganu da yawa, duka gaskiya: cewa littafi bai faɗi iyakar abin da ake kira sanyi ba, cewa rantsuwar ba ta ambaci tsawon lokaci ba, cewa man shanu ba ma'aunin da aka koya mana ba ne. Na buɗe baki da niyyar in fara da "a wani ɓangaren". Sai na ga gumi ya sake tsatsowa a goshin Kawu, leɓensa ya yi fari irin na ranar Auyo.

"An yi sanyi," na ce.

"Yau babu 'mai yiwuwa' a ciki?" in ji Babarbare, don ya san ni.

"An yi."

Ya juyo ya sa yatsa ya lakato gefen ƙoƙon. Man ya tsaya a yatsansa bai ɗiga ba. Ya dube shi, ya lashe.

"Man Fulani ne, dole ya goyi bayan ɗan'uwansa," ya ce. Ya laluba aljihu ya fito da hankicin.

Direba ya ɗaura hannun tagar Kawu da farko. Kawu ya murɗa da kansa, a hankali, gilashin yana ƙara don ya kwana biyu bai motsa ba. Iskar fadama ta shigo, mai zafi, da ƙaurin banda da warin laka. Ya fitar da kansa waje har wuya, ya daɗe a haka.

Motar ta yi shekara takwas a hannunsa bayan nan, ko tara, gilashinta a sauke ko da ana ruwa. Wanzami kuwa har ya rasu yana faɗa wa masu zuwa aski cewa ya taɓa yi wa mota ƙaho, mugun abin ya fita a bakin kogi kowa ya gani, kuma tun daga ranar mai ita bai sake suma ba. An sha tambayata ko haka ne. Nakan ce, maganar suma dai, haka ne.